Carbi a Cikin Ƙwauri

Shekara goma sha ɗaya ke nan mabuɗin akwatin taimakon gaggawa na makarantarmu yana hannunmu. Ba wai mun karanci aikin jinya ba ne, Hausa muke koyarwa tun daga aji ɗaya har zuwa aji shida. Abin da ya faru shi ne, ranar da ake rabon ayyuka a taron malamai, da aka zo kan akwatin kowa ya sunkuyar da kai, mu kuwa muka yi rashin sa'ar haɗa ido da shugaban makaranta. Shi ke nan muka zama likitan ɗalibai ɗari takwas da 'yan kai. A cikin akwatin akwai auduga da bandeji da aidin da jibi da wani almakashi da ya girmi yawancin ɗaliban, sa'an nan a can ƙurya akwai gwangwanin madara cike da kafso ja-da-yalo, wanda muke saye da kuɗin aljihunmu a kemis ɗin bakin tasha.

Mai karatu ya san aikin wannan kafso, don da wuya a sami gidan da ba a taɓa yi ba. Yaro ya yi tuntuɓe farce ya cire, ko fartanya ta sare shi, sai a wanke wurin, a murɗe kafson ya rabu biyu, a zazzaga garin a kan ciwon, a naɗe da ƙyalle. Kwana biyu sai ka ga wurin ya bushe ya yi ɓawo, kowa ya ce madalla. Haka muka taso muka ga ana yi, haka mu ma muka yi ta yi, kuma a gaskiya har alfahari muke da shi, don muna ganin mun ci gaba a kan masu zuba toka da ƙasar bango. Ba mu taɓa tambayar kanmu me ke cikin garin ba, balle abin da yake yi bayan an naɗe bandeji. Sai da wani ɗalibinmu ya kusa rasa ƙafa.

Yaron ɗan aji biyar ne a lokacin. Ba za mu faɗi sunansa ba, amma duk wanda ya koyar a ajin ya san shi, domin shi ne wanda in aka ba shi littafi ya karanta a fili, har masu gyangyaɗi a layin baya sai sun farka. A hutun daminar 2021, ranar kasuwar garinsu, babur ɗauke da buhunan taki ya banke shi a kan keke. Ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye, kuma tsinin ƙashin ya huda fata ya leƙo waje, a cikin taɓon hanya. Aka ɗauke shi sai gidan mai ɗori. Ba mu zo nan don mu zagi masu ɗori ba. Mu kanmu a hannunsu aka gyara mana targaɗe muna yara, kuma akwai garuruwa da yawa da in ba su ba, babu kowa. Sai dai karayar da fata ta rufe daban take da wadda ƙashi ya sha iska da ƙasa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka ja ƙafar, aka jera karare, aka ɗaure tamau, abin da ya shiga ciki kuwa aka ɗaure tare da shi.

Da aka koma makaranta ya zo yana dogara sanda. Ƙashin ya kama, in ji mai ɗori, saura ɗan miki kawai a gaban ƙwaurin, bai fi faɗin kwabo ba. Wannan ɗan mikin shi aka kawo mana. Kullum da safe kafin a shiga aji sai ya zo ofishin malamai ya miƙe ƙafa a kan benci, mu wanke, mu fasa kafso, mu zuba, mu naɗe. Ciwon ya yi kamar zai rufe, har mu fara murna, bayan kwana huɗu ko biyar sai ɓawon ya kumbura ya fashe, mugunya ta ɓulɓulo daga wata 'yar ƙofa da ba ta fi kan tsinken ashana ba. Da ja-da-yalo ya ƙi, mai kemis ya ce a canza zuwa ja-da-baƙi, a kuma haɗa masa da na sha, na kwana uku, don abin da kuɗin mahaifinsa ya iya saye ke nan. Mako bakwai muna wannan aiki. Ɗaliban da ke zama kusa da shi suka fara janye kujerunsu saboda wari, shi kuma ya daina ɗaga hannu in mun nemi mai karatu, don ba ya so a juyo a dube shi.

Ranar wata Talata muna goge wurin sai muka ji wani abu mai tauri a cikin audugar. Muka duba, ɗan guntun abu ne fari-fari mai kaifi, kamar ɓallin fasasshen tangaran. Malamar da ke koyar da ilmin halittu tana zaune tana duba littattafai, ta taso ta karɓa ta juya shi a hannu, fuskarta ta canza. Ta ce wa yaron ya tafi aji, sa'an nan ta juyo ta ce, "Malam, wannan fa ƙashinsa ne. Tun yaushe kake zuba masa abin nan?" Muka faɗa mata. Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Shawo kan mahaifin yaron sai da ya ɗauki kwana tara. Dattijo ne manomi, mai hankali, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Ya ce, "Malam, duk wanda na sani a ƙauyen nan da aka kai asibiti da ƙafa, da ƙafa ɗaya ya dawo." Muka rasa yadda za mu gaya masa cewa yawancinsu an kai su ne bayan ƙafar ta riga ta mutu, domin in mun faɗi haka mun tona asirin kanmu, mu da muka ɓata mako bakwai. A ƙarshe dai limamin garin ya sa baki, malamai suka yi karo-karo, dattijon ya sayar da tunkiya biyu da buhun gyaɗa, muka ɗauki yaron zuwa wani asibitin ƙashi a birni.

Likitan da ya duba shi matashi ne, da alama mun girme shi da shekara goma. Ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana wani wuri a tsakiyar ƙwaurin da ya fi sauran haske, kewaye da duhu, kamar tsibiri a tsakiyar tafki. Ya ce wannan guntun ƙashi ya mutu, jini ba ya zuwa cikinsa, kuma a nan ƙwayoyin cutar suka yi gida. Mikin da muke gani a waje magudana ce kawai. Sa'an nan ya tambaya wa ke wanke masa. Muka ce mu ne. Ya ce da me. Muka faɗa, muryarmu ƙasa-ƙasa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, tunaninka bai ɓace gaba ɗaya ba. Kana so magani ya zauna a inda ciwo yake. Mu ma abin da za mu yi ke nan. Bambancin shi ne wane magani, nawa, a cikin me, kuma bayan an yi me."

Wannan magana ita ta hana mu barci, kuma ita ta sa muka shafe makonnin jinyar muna damun malamar ilmin halittu da tambaya, muna karance-karance a waya a kan bencin asibiti. Ga abin da muka fahimta, gwargwadon fahimtar malamin Hausa.

Duk maganin da mutum ya haɗiya ko aka yi masa allura, jini ne jakinsa. Inda jini ya je nan magani zai je. To ƙashin da ya mutu ba shi da hanyar jini, saboda haka ko yaron ya sha kafso buhu guda, maganin zai zagaya hanta da ƙoda da ko'ina, ya wuce ta gefen tsibirin nan bai shiga ba. Na biyu kuma, ƙwayoyin cutar ba sa zama a warwatse kamar yadda muke zato. In sun sami abin maƙalewa, kamar mataccen ƙashi ko ƙarfe, sai su taru su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa. Kowa ya san irinsa: shi ne santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba, kuma shi ne dattin da ke taruwa a haƙori in ba a yi asuwaki ba. A ƙarƙashin wannan bargon yauƙi ƙwayoyin sukan lafa, su rage ci da hayayyafa, har su iya jure magani ninki ɗari zuwa ninki dubu na abin da zai kashe su in suna yawo a fili. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya duba gyambuna 50 da suka ƙi warkewa, ya tarar da wannan yauƙi a 30 daga cikinsu, alhali a sababbin raunuka 16 ɗaya tak aka gan shi. In kuwa aka ce a ƙara yawan maganin a jini har ya kai ƙarfin da zai ratsa yauƙin, to majinyacin zai riga ƙwayoyin faɗuwa. Jentamaisin, alal misali, wanda aka gano a 1963, in ya yi yawa a jini yana lalata ƙoda, yana kuma kurmantar da mutum. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Dabarar da likitoci suka fito da ita ita ce a sama wa maganin mazubi, wani abu da jiki ba zai yi faɗa da shi ba, a cuɗa maganin a ciki, a ajiye a tsakiyar ciwon, ya riƙa tsatsafowa a hankali. Ta haka wurin ciwon zai jiƙe da magani mai ƙarfin gaske, abin da zai shiga jini kuwa kaɗan ne. Da aka yi mana wannan bayani sai muka tuna da jiƙon kakarmu, ƙullin sassaƙe da saiwa da take jefawa a tulu, ranar farko ɗaci kamar ya tsinke harshe, kullum yana raguwa, har ranar da zai zama lami a zubar a sake wani. Mai karatu ya riƙe wannan misali, don amfanin dabarar da haɗarinta duk suna cikinsa.

Mazubin da aka fara amfani da shi sosai shi ne abin da ake kira simintin ƙashi. Sunan ne kawai siminti, amma dangin roba ne mai tauri, irin wadda ake yin dasashin haƙoran roba da ita. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya shahara da amfani da shi wajen kafa ƙugun ƙarfe a jikin mutane tun ƙarshen shekarun 1950. A 1970 wasu likitoci biyu a birnin Hamburg na Jamus, Buchholz da Engelbrecht, suka ba da rahoton cewa in an cuɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin simintin yana fitowa daga baya ya yi aiki. Cikin shekarun 1970 ɗin kuma wani likita a Frankfurt, Klaus Klemm, ya ga cewa dunƙule guda ba ya sakin magani da yawa, tunda ta bayansa kawai yake fitowa, sai ya mayar da shi ƙananan duwatsu, aka jera su a kan siririyar waya. Na kamfani kowane dutse faɗinsa milimita 7 ne, kuma akwai mai jerin 30, saura uku ya cika carbi. Jentamaisin aka fi zaɓa saboda simintin yana ɗaukar zafi sosai sa'ad da yake daskarewa, zafin da kan lalata magunguna da yawa, shi kuwa yana jurewa.

Na yaronmu ba na kamfani ba ne, a ɗakin tiyata likitan ya mulmula su da hannunsa. Simintin yana zuwa ne a fakiti mai giram 40 na gari da 'yar kwalbar ruwansa. A zuba garin magani a ciki, a dama, a mulmula kafin ya sandare cikin 'yan mintoci, a zura a zaren ɗinki mai ƙarfi. Amma kafin a kai ga nan, abubuwa biyu suka gabata, kuma su ne mu ba mu taɓa yi ba. Na farko, sai da aka ɗebi nama da ƙashi daga can cikin ciwon aka kai ɗakin gwaji aka shuka, don a san wace ƙwayar cuta ce da kuma maganin da take tsoro. Sakamakon ya nuna sitafilokokas ce, wadda takan zauna a fata da hancin mutane lafiya lau sai ta sami ƙofa, kuma tasa ba ta jin ja-da-yalo, ba ta jin ja-da-baƙi. Wato duk mako bakwai ɗin nan ado muke yi mata. Na biyu, sai da aka buɗe ƙafar aka fitar da mataccen ƙashin, aka kankare duk abin da ya ruɓe har sai da aka iske ƙashi mai fitar da jini, aka wanke da ruwan gishiri lita bayan lita. Likitan ya nanata mana cewa wannan kankarar ita ce maganin, duwatsun masu gadi ne da ake bari a baya. In aka sa su a kan ruɓa, ruɓar za ta cinye su.

Da aka fito da shi, mahaifinsa ya ga hoton da aka sake ɗauka, ga duwatsu a jere a cikin ƙwaurin ɗansa, ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Likita, carbi kuka sa masa?" Likitan ya ce kusan haka ne, Baba. Dattijon ya ce to Allah ya sa ya yi ta ja. Tun daga ranar duk ɗakin majinyata suka koma kiransa mai carbi. Ban da carbin kuma sai da ya yi mako shida yana karɓar magani, da farko ta jijiya, daga baya na haɗiya, a kan lokaci, ba tsallake.

Tambayar da dattijon ya yi bayan wannan ita ce ta fi nauyi: me ya sa za a sake yanka yaron a cire su, ga kuɗi ga wahala, ba za a bar su ba? Amsar tana cikin tulun kakarmu. Duwatsun suna sakin mafi yawan abin da za su saki a kwanakin farko, daga nan sai ɗigo-ɗigo, kuma kaso mai yawa na maganin yana nan a kulle a cikin robar ba zai taɓa fitowa ba. Jiki kuwa ba ya narkar da ita. In jiƙon ya zama lami, dutsen ya tashi daga mai gadi ya koma masauki, domin ƙwayoyin cuta suna son bayansa kamar yadda suke son mataccen ƙashi, ga kuma ɗan maganin da bai isa ya kashe su ba, sai dai ya koya musu jurewa. A ƙasar Holan, a 2003, masu bincike sun ba da labarin wasu duwatsun jentamaisin da suka shekara biyar a jikin wani majinyaci; da aka ciro su an tarar har yanzu suna ɗan tsatsafar da magani, kuma a jikinsu akwai ƙwayoyin cutar da jentamaisin ya daina kashewa. Saboda haka bayan mako huɗu aka sake buɗe ƙafar, aka zare su, aka ƙirga don kada a manta ko ɗaya, aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka cike ramin. Tunkiya ta uku ta tafi.

Wannan tiyata ta biyu ita ce masu bincike suka daɗe suna neman hanyar kauce mata, da mazubin da zai gama aikinsa ya narke da kansa. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne farin garin nan da ake yin filastar karaya da shi, wanda kuma magina ke yin adon silin da danginsa. Tun 1892 wani likita a Jamus ya gwada cike ramin ƙashi da shi. Yanzu ana tace shi a yi duwatsun magani da jiki ke shanyewa cikin 'yan makonni, ko da yake yakan sa ciwo ya yi ta tsatsafar ruwa kafin ya ƙare. A Oxford ta Ingila, a 2016, likitoci sun ba da rahoton mutum 100 masu tsohon ciwon ƙashi irin na yaronmu, waɗanda aka kankare aka cike ramin da irin wannan gari haɗe da wani sinadari mai kama da na ƙashi, da jentamaisin a ciki; 96 daga cikinsu sun rabu da cutar da tiyata ɗaya. Da muka gaya wa likitanmu mun karanta wannan, sai ya ce ya sani, amma mu tambayi kuɗinsa tukuna. Ga ciwon da ke fata kuwa, kamar ƙuna da gyambon masu ciwon sukari, ana yin abin rufewa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da ciyawar teku, da wani abu mai kamar kamu wanda yawancinsa ruwa ne, a sa magani a ciki. Har akwai waɗanda ake ƙoƙarin ƙerawa da ba za su saki magani ba sai sun ji alamar ƙwayoyin cuta a wurin, amma yawancin waɗannan suna ɗakin gwaji tukuna, a jikin ɓeraye.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka cusa wa magani aka ajiye a ciwo ya zama waraka. Akwai wani soso da ake yi daga sinadarin jijiyar dabbobi, a jiƙa shi da jentamaisin, jiki ya narkar da shi. Kowa ya zaci zai yi aiki. A 2010 aka gwada shi a Amurka a kan mutum 602 da aka yi wa tiyatar hanji, sai ga shi waɗanda aka sa wa soson sun fi samun ruɓar ciwo, kashi 30 cikin ɗari, waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 21. Wannan ya sanyaya mana jiki, ya kuma ɗan rage mana kunya, tunda ashe manyan ma sukan yi zato ya ƙi. Bambancinmu da su shi ne su sun ƙirga, da suka ga ba daidai ba suka buga a takarda kowa ya gani. Mu kuwa shekara da shekaru muna zuba gari, ba mu taɓa rubuta wa ya warke, wa ya daina zuwa ba.

Wani abokin aikinmu mai son gardama ya taso mana da cewa ai ya ji Turawan ma suna barbaɗa garin magani tsurarsa a ciwo, to me ya raba su da kemis ɗin bakin tasha? Gaskiyarsa, suna yi. A 2021 an buga wani gwaji na mutum 980 masu mugunyar karayar ƙwauri a Amurka, inda aka barbaɗa wa rabinsu garin bankomaisin a cikin ciwon kafin a ɗinke. Ruɓa mai zurfi ta kama kimanin kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka barbaɗa wa, da kimanin kashi 10 na sauran, kuma masu binciken da kansu suka ce tazarar ba ta kai yadda za a yanke hukunci kai tsaye ba. Amma dubi yadda aka yi: gari ne tsarkakakke da aka tanada don jijiya, an auna shi, an zuba sau ɗaya, a ɗakin tiyata, a cikin ciwon da aka riga aka wanke. Garin kafso kuwa don ciki aka yi shi, ba a tsarkake shi don buɗaɗɗen nama ba, kuma akwai abin ciko a haɗe da maganin. Ɓawon da yake yi, wanda muke murna da shi, murfi ne a kan tukunya mai tafasa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne laifin bai tsaya a ƙafar yaro ɗaya ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, jahili zai sha abin da bai isa ba, ya koya wa ƙwayoyin cutarsa jurewa, ya kuma yaɗa su ga wasu. Jahilin da yake nufi, ga shi nan da difilomarsa ta koyarwa da gwangwanin madara. Mujallar Lancet ta buga a 2022 cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina ji, kuma yankin da abin ya fi tsanani gwargwadon yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane dubu ɗari. Ba mu san ƙafa nawa muka zuba wa kafso cikin shekarun nan ba, kuma kowace ɗaya 'yar makaranta ce da muka buɗe wa ƙwayoyin cuta, darasi kyauta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yaron ya rasa shekara guda. Abokan ajinsa suka yi jarrabawar fita a 2023, shi sai 2024. Ƙafar ta ɗan gajarta, yana ɗingishi kaɗan in ya gaji, kuma likitan ya gaya masa gaskiya cewa ciwon ƙashi yakan yi kwanton ɓauna, yana iya tashi bayan shekaru, don haka duk ranar da ya ji zafi ko kumburi a wurin kada ya tsaya ko'ina sai asibiti. Ya roƙi a ba shi duwatsun ya ajiye, aka hana, aka ce abin da ya fito daga ciwo wuta ake kai shi. Ranar da ya dawo aji muka miƙa masa littafi ba tare da mun tambayi mai son karatu ba. Ya karanta shafi biyu, muryar tana nan yadda take. Har yau ba mu zauna mun gaya masa dalla-dalla abin da mako bakwai ɗin nan ya jawo masa ba; mahaifinsa kuwa duk kaka sai ya aiko mana da gyaɗa, yana cewa mu ne muka ceci ƙafar, uwargida ta karɓa ta yi godiya, mu kuma mu rasa inda za mu sa ido.

Mabuɗin akwatin yana hannunmu har yanzu, don babu wanda ya yarda ya karɓa. Gwangwanin madara yana nan, amma alluran maƙale bandeji ne a ciki. Mun ƙara butar dafaffen ruwa, da gishiri, da sabulu, da wani littafi mai layi inda muke rubuta sunan yaro da ranar da ya zo da yadda ciwon yake. In ya kwana uku bai nuna alamar sauƙi ba, ko ya yi zurfi, ko ya fara wari, sai mu rubuta wa iyaye takarda a kai shi asibiti. A makon jiya wani ɗan aji ɗaya ya zo da sara a dunduniya, muka wanke muka rufe. Ya tsaya bai tafi ba, yana leƙen cikin akwatin. Ya ce, "Malam, ba a sa kafson ba." Muka ce babu. Washegari da ya zo muka kwance bandejin, sai ga garin nan rawaya cike da ciwon, an zuba masa a gida. Muka aika a kira mana babansa, muka ɗauko butar muka fara wankewa.